Fuskar da Na Nema da Cokali da Tasa

Shekarun baya can, tun ba a datse kogi daga sama ba, lokacin da ruwa ke zuwa da cikakken ƙarfinsa har ya shafe hanyar ƙauyenmu zuwa Guri, na taɓa cinye hutu guda ina gyangyaɗi da cokali a hannu. Jikokina sun sha dariyar labarin nan, to ku ma ga naku rabon.

Ina makarantar horon malamai a lokacin. Malaminmu na zane yana da wani littafi mai hotuna da ba ya bari a taɓa sai an wanke hannu. A ciki na fara ganin aikin wani mai zane ɗan ƙasar Sifen, mutum mai gashin baki a murɗe sama kamar ƙahon bijimi. Ya zana agoguna sun yi laushi, an shanya ɗaya a reshe kamar tsumma. Ya zana giwaye masu dogayen ƙafafu sirara, kai ka ce na zalɓe suka aro. 'Yan ajinmu suka ce mahaukaci ne, malam kuma bai yi musu sosai ba. Ya dai ce mutumin mafarkinsa yake zanawa, kuma duk inda mafarkin ya kai shi, duwatsun bakin tekun garinsu ne ke fitowa a baya. Wai bayan rasuwar yayansa aka haife shi, aka mayar masa da sunan mamacin, ya tashi da inuwar wanda bai taɓa gani ba.

Sai malam ya faɗi dabararsa. Yakan zauna a kujera da makulli a hannu, faranti a ƙasa. Da barci ya fara fizgarsa sai makullin ya faɗi, ƙarar ta tashe shi, ya yi wuf ya kama abin da ya gani a bakin ƙofar barci kafin ya gudu.

Kowa ya yi dariya, ni kuwa gabana ne ya faɗi, don ina da abin da nake nema a wannan bakin ƙofar. Mahaifiyata ta rasu ban daɗe da yaye ba, kuma a ƙauyenmu wa ya san hoto? Na riƙe ƙamshin man shanu a zaninta, na riƙe ƙarar awarwaronta, amma fuska babu. Wanda zan tambaya ma babu. Mahaifina Bafulatani ne na gaske, ni kuma ɗan fari, ko sunana bai taɓa kamawa ba, balle ya yi zancen matarsa. Goggona, yayarsa da ta raine ni, in na tambaye ta sai ta ce kyakkyawa ce, Allah Ya jiƙanta, ta shiga wata hirar. A raina ina jin haushin mahaifina ƙwarai. Gani nake yana da fuskar nan a ajiye, rowa kawai yake yi mini.

Da aka ba mu hutu, a kwale-kwale na ƙarasa gida. Fadama ta cika ta batse, bado ya rufe ruwa, goriba na tsaye a ciki har gwiwa. Makulli ba ni da shi, don ƙofarmu ba ta san kwaɗo ba, sai na ɗauki cokali da tasar Goggo. Kullum bayan azahar, lokacin da gari ya yi tsit, nakan zauna a kan turmi a bayan ɗakina ina kallon ruwa har idona ya yi nauyi.

Ranar farko barcin ya zarce, ni da cokalin muka faɗi tare. Amma a hankali na gane kan abin. Na fara ganin shanunmu suna tafiya a kan ruwa, ƙafafunsu sun miƙe sun yi tsawon goriba, balbelu na ratsawa ta ƙarƙashin cikinsu. Na ga rana ta narke tana ɗiga a ƙwarya. Daga can nesa kuma wata mace tana tahowa, ruwa bai jiƙa zaninta ba, ina jin awarwaro. Tana matsowa sai tasa ta ce ƙwal. Wata rana na daure na riƙe cokalin gam har ta iso gabana. A inda fuska take, ruwa ne kwance, shiru, da furen bado guda yana juyawa.

Na zana abin da na gani a kan wani kwali mai kauri, da ragowar fentin makaranta, na ɗora wa matar ƙwarya a dama. Kullum ina cewa gobe fuskar za ta fito in cike gurbin, hutu kuwa yana ta ƙarewa.

Goggo ta gaji da ƙarar tasa. Ta yanke cewa mutanen ruwa ne suka shafe ni, ta fara turara mini hayaƙi, ta karɓo rubutu. Da na ga za a kai ni gaban mai magani, na faɗa mata gaskiya. Ashe ta kai wa ƙanenta.

Ana gobe zan koma, bayan la'asar, na ji sallamar mahaifina a ƙofar ɗakina, abin da bai taɓa yi ba. Na durƙusa, na tabbata faɗa zan sha a kan zana siffar mutum. Ya ce in ɗauko abin. Na jingina kwalin a bango, ya tsuguna ya dogara da sandarsa, ya daɗe yana kallo. Da farko ya ce saniya mai ƙafa irin wannan sai dai a tatse ta da tsani. Sai idonsa ya kai kan matar.

Ya ce, "A hagu take ɗaukar ƙwarya."

Na ce, "Baffa, fuskar ce ta gagare ni. Ko kaɗan ne, a faɗa mini yadda take."

Ya ce in bar ta haka, ya miƙe. Na ce a raina, shi ke nan, rowar ce dai har yau. Sai da ya kai bakin ƙofa, ya ba ni baya, sannan ya yi magana, muryarsa can ƙasa.

"Ni ma haka take zuwa mini. Ta daɗe tana zuwa haka. Da na ji kana nemanta, na zaci ko ka samo mana."

Ya sa takalmansa ya nufi wajen shanu.

Yanzu na wuce shekarunsa na lokacin nesa ba kusa ba, kuma har yau in na tuna sai in ji tausayinsa ya cika mini ƙirji. Shekara da shekaru ina fushi da mutum a kan ya hana ni abin da shi ma ya kuɓuce masa, kunya kuma ta hana shi ya yi cigiya. Ban zama wani mai zane ba, malamin firamare na ƙare, kuma mahaifina bai sake ta da zancen ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Amma a yammacin nan, kafin haske ya tafi, na jiƙa burushi na goge ƙwaryar daga dama na mayar da ita hagu. Iyakar abin da muka iya yi mata ke nan, ni da shi.