Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi a Unguwar Klémat

Ina shagon Alamin mai gyaran kwamfuta, na ga wata mata tana zaune a bakin benci, ta ja laffayarta har goshi. Idonta na kan kwamfutar da ta kawo naɗe cikin bargo. Duk sa'ad da aka kunna ta, sai ta yi ƙara, allon ya tsaya baƙi ƙirin.

Alamin ya ce, "Hajiya, sai dai a goge komai, a zuba sabo."

Ta miƙe, ta dafa murfin da hannu biyu. "Malam, hotunan 'yata suna ciki. Ba ni da wasu."

Yadda muryarta ta karye, ina jin yarinyar ba ta duniya. Alamin ya ajiye faifan da zai goge kwamfutar da shi a hankali, ya ɗauko sukudireba don ya buɗe ta ya ceto hotunan.