Farantin da Firinsifal Ya Tausaya wa

Har yau ban manta da ranar Litinin ɗin da na buɗe ɗakin gwaje-gwajenmu ƙamshin turare ya tare ni ba. Lokacin ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Kudan, ɗalibata Hajara kuma tana shirin gasar makarantu da za a yi a Makarfi ranar Alhamis.

Aikinta shi ne gwada ko man kanumfari da na darbejiya da na tafarnuwa suna kashe ƙwayoyin cuta. Akan zuba abincin ƙwayoyin a ƙananan farantai masu murfi, wani abu kamar kafaffen koko, a shafa musu dattin hannu, a ɗiga wa kowanne mai iri ɗaya. Faranti guda kuwa ba a sa masa komai, don da shi ake kwatanta sauran. In babu shi, aikin banza aka yi.

Muka duba, sai ga farantin nan fes, yana ta ƙamshi. Hajara ta fashe da kuka. Ni ma raina ya ɓaci, amma na gane turaren, duk malamai mun san shi. Na nufi ofishin firinsifal, dattijo mai hannun kyauta wanda makullin ɗakin ke wurinsa. Sai da muka gama gaisuwa tsaf, har da tambayar gonar rake, sannan na kawo maganar a hankali.

Ko a jikinsa. Ya ce ya leƙa ranar Asabar ya ga an ba kowa an tsallake ɗaya, ya ɗauka man yarinyar ne ya ƙare, kunya ta hana ta faɗa, shi ne ya ɗiga wa farantin turarensa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, da gangan muka bar shi."

"Da gangan? Haba Malam Sani, wannan ai rowa ce." Sannan ya matso. "To, nawa ɗin ya kashe su?"

Dole na amsa cewa ya fi na kowa kashewa. Ranar har masu gadi sai da suka ji labari.

Muka sake aikin daga farko, da ƙyar muka cimma gasar, Hajara ta zo ta biyu. Sabon farantin kuwa a gidana ya zauna, cikin akwati, na kuma gargaɗi iyalina.

Abin da nake gaya wa sababbin malamai ke nan: kafin ku fara gwaji, ku bi mutanen kirki ɗaya bayan ɗaya ku yi musu bayani. Mutanenmu ba sa iya ganin kwano wayam su wuce.