Wanda Aka Bar wa Kunnen Ƙusa

Shekara talatin da ɗoriya Mai Walda ya yi yana dukan ƙarfe, har ƙarfen ya rama, ya cinye masa kunne. In ka tsaya a bayansa kana kwaɗa sallama, sai dai ka gaji ka tafi. Waya kuwa ta yi ta ruri a aljihunsa, shi yana can yana fito abinsa. Mutanen layin duk sun sani, mai son magana da shi gabansa yake zagayowa, ya buɗe baki sosai.

Ana nan sai ya tsinci wani ɗan kwikwiyo a bayan rumfarsa, cikin tarkacen ƙarafa, siriri kamar ƙusa. Sunan da ya bi shi ke nan. Ƙusa ya girma ya zama jan kare mai manyan kunnuwa da suka zubo har wuya. Babu wanda ya koya masa, amma da an taɓa ƙofar rumfa, ko waya ta yi ƙara, sai ya tashi ya dunguri gwiwar Mai Walda da hanci. Akwai ranar da tukunyar gas ta fara huci a lungu, Mai Walda na shirin kunna wuta. Ƙusa ne ya ji, ya kama ƙafar wandonsa ya yi ta ja har ya waiwaya. Tun daga ranar, ko da wasa ka zagi karen nan kun ɓata.

Matsalar Ƙusa ɗaya ce. Kunnuwan nan a rufe suke, ga zafi, ga ƙurar ƙarfe, sai su tara dauɗa su yi wari, wani irin tsami mai hawa kai. Karon farko Mai Walda har ya naɗa auduga a tsinke zai zura, 'yarsa ta hana, ta ja shi wurin likitan dabbobi. Likitar ba ta rage masa komai ba.

"Baba, tsinke? So kake ka fasa masa dodon kunne?"

Ta ba shi kwalbar ruwan wankin kunne, ta nuna masa yadda ake yi. Mutumin da ko maganin ciwon kansa ba ya tunawa ya sha, sai ga shi ya haddace wannan tsaf. Sau biyu a mako, bayan an tashi aiki, ya wanke hannu ya zauna a kan tsohuwar taya, Ƙusa ya ɗora masa haɓa a cinya. Ya ɗaga kunnen ya leƙa tukuna. In ya ga ja, ko ruwa na fita, ko karen ya yi ƙara da an taɓa, to ba aikin gida ba ne, sai likita. In babu, ya tsiyaya ruwan, ya murza gindin kunnen a hankali yana ƙirga talatin. Sautin caɓal-caɓal ɗin ba ya ji, a yatsu yake gane shi. Sai ya saki, Ƙusa ya kakkaɓe kai ya fesa masa a riga. Daga nan ya naɗa auduga a yatsa ya goge iya inda yatsan ya kai, ba ya ƙara ko kaɗan. Kowane kunne da audugarsa. Ƙarshe ɗan guntun nama, ladan haƙuri.

Mai Fenti kan tsaya daga rumfarsa yana dariya. "Kai da ɗanka! Saura ka goya shi."

Shi Mai Fenti amininsa ne na shekara ashirin. Bango ɗaya ya raba rumfunansu, wannan ya ƙera ƙofa, wancan ya fesa mata fenti, da rana su ci abinci kwano ɗaya. Lokacin da wuta ta lashe rumfar Mai Fenti, Mai Walda ne ya tayar masa da sabuwa da hannunsa, dare da rana har kwana tara.

To, hasken walda ba ya barin ido. Yanar ido ta rufe wa Mai Walda idon dama, aka ce sai an yi aiki, kuma sai ya yi mako uku a gidan 'yarsa, nesa da ƙura. Gidan haya ne a bene, mai gidan ko kyanwa bai yarda da ita ba. Sai Mai Walda ya ɗauki sabuwar kwalba da ƙullin auduga ya shiga rumfar amininsa.

"Mutumina, in ba za ka iya taɓa kare ba, faɗa mini yanzu, wallahi ba zan ji haushi ba. Likita ta ce tana iya ajiye shi a wurinta."

Mai Fenti ya dafa ƙirji. "Haba! Ina raye ka kai shi wurin bare? Sau nawa na ga kana yi? Je ka, Allah ya ba da lafiya."

Duk da haka Mai Walda ya zaunar da shi ya maimaita masa: ban da tsinke, ban da ruwan zafi, ban da komai in ba wannan kwalbar ba. Mai Fenti na ta gyaɗa kai.

Aiki ya yi kyau. Duk bayan kwana biyu 'yarsa ta kira Mai Fenti, ta matso kusa da kunnen uban ta ɗaga murya: "Baba, ya ce an wanke, Ƙusa lafiya ƙalau!" Shi kuwa sai ya yi ta sa albarka, yana cewa samun aboki irin wannan sai an tona.

Ranar da ya dawo, ya buga ƙofar rumfa, Ƙusa bai fito ba. Ya buɗe ya same shi kwance a ƙarƙashin benci, ya juya baya. Sai da inuwarsa ta faɗa kansa sannan karen ya zabura. Ya taso yana kaɗa bindi, amma kansa a karkace, yana tafiya yana tangaɗi. Mai Walda ya durƙusa ya kai hannu kunnen, Ƙusa ya kurma ihu ya ja da baya. Karen da ke kawo kunnensa da kansa!

Kunnen Mai Walda ya tafi, ido ɗaya na ƙarƙashin tabarau, amma hancinsa garau yake. Ƙarƙashin warin ruɓa ya jiyo wani warin da ya sani shekara ashirin: tina, ruwan nan da masu fenti ke tsinka fenti da wanke hannu.

Mai Fenti ya shigo da fara'arsa, riƙe da kwalbar. "Sannu da zuwa! Ka ga, har ta ƙare."

Mai Walda ya karɓa ya jijjiga. Wayam. Kwalbar da ke yi masa wata uku.

"A ina ka zubar da shi?"

"Wane irin zubarwa kuma?"

"Dube ni nan, bakinka nake kallo. Me ka zuba masa?"

Mai Fenti ya yi ta kame-kame, daga baya magana ta fito. Bai taɓa wankewa ba, ko sau ɗaya. Ƙyanƙyami yake ji. Abinci yakan tura masa da ƙafa, shi ke nan. Sai kwana uku kafin dawowar, wari ya kai har rumfarsa, ga kunne ya kumbura yana ruwa. Tsoro ya kama shi. Ya ɗaure karen a jikin benci, ya naɗa tsumma a kan sandar walda, ya tsoma a tina ya zura, kunne biyun duka. Ai tina babu dauɗar da ba ta ci, in ji shi. Ruwan kwalbar kuwa a kwata ya juye, don a ga an yi amfani da shi.

"Kuskure ne, mutumina. Kuma dai kare ne fa."

Mai Walda ya ajiye kwalbar. Tinar ma da sauƙi a wurinsa, jahilci ne, shi ma ya taɓa ɗaukar tsinke. Abin da ya ƙona masa rai shi ne kiran wayar nan, sau goma, yana kwance ido a ɗaure yana sa wa maƙaryaci albarka. Kalma ɗaya ta isa, "ba zan iya ba", da likita ta zo ta ɗauke shi.

"Na tambaye ka," ya ce. "Da bakina na tambaye ka."

Ya cire rigarsa ya naɗe Ƙusa ya saɓa shi a kafaɗa, ko rumfar bai rufe ba.

Likita ta duba kunnuwan. Dodon kunnen hagu ya fashe, na dama ya ƙone. Ciwon zai warke, ta ce, amma ji sai dai abin da Allah ya yi.

Wata biyu Mai Walda yana jinyar Ƙusa. Ciwon ya warke, amma ji bai dawo ba. Sai da ya yi mako guda yana ajiye auduga kusa da nama kafin Ƙusa ya daina gudu in ya gan ta. Yanzu ya koma ɗora haɓa a cinya, sai dai jikinsa na rawa har a gama. Ƙofofin da Mai Walda ke ƙerawa kuwa, a kura ake tura su can ƙarshen layi wurin wani mai fentin.

Ran nan da yamma mai facin taya na tsallaken titi ya zagayo gabansa, ya buɗe baki sosai.

"Baba, ka yi haƙuri ka saurari mutumin nan Mai Fenti mana. Yau kwana uku yana zuwa ƙofarka yana sallama, ya daɗe a tsaye, ko waiwayowa ba ka yi. Jiya har hawaye na ga yana sharewa."

Mai Walda ya ɗaga gilashin walda daga fuskarsa. Ya dubi ƙofar, ya dubi Ƙusa da ke barci a gindin benci, kunnuwa a zube.

"Ya zo?" ya ce. "Ban ji ba. Wa zai gaya mini?"