Mu'awiya Souleymane da Sa Hannun 1978

Haihuwa da asali

An haifi Malam Mu'awiya a garin Tasawa ta ƙasar Nijar a shekarar 1954. Mahaifinsa shi ne Malam Souleymane mai ɗinkin huluna, mahaifiyarsa kuwa Hajiya Jidda, mai sayar da man gyaɗa a bakin kasuwa. Shi ne na huɗu a ɗakinsu, kuma shi kaɗai aka kai lakkwal, wato makarantar boko, domin tun yana ƙarami ba a raba shi da tambaya.

Neman ilimi

Ya sauke Alƙur'ani a 1966, sannan ya wuce makarantar Larabci da Faransanci a Damagaram. A 1975 ya samu tallafin karatu zuwa wata ƙasar Larabawa, wadda har ya koma ga Allah bai yarda ya rubuta sunanta ba, wai kada a zaci ita kaɗai ke da wannan ciwo. A can ya karanci ilimin noman rani a hannun Dakta Abdussalam, masanin ruwa da ƙasa, mutumin da kan ɗanɗana turɓayar gona da harshe ya faɗi abin da za ta iya haifarwa.

A farkon 1978 Dakta Abdussalam ya faɗa a cikin aji cewa babban aikin ban-ruwa da hukuma ke tinƙaho da shi zai mayar da gonakin lardi guda gishiri kafin shekara goma. Kwana uku bayan haka aka zaga da takarda, kowane ɗalibi ya shaida cewa malamin ya ci mutuncin ƙasa. Saura wata huɗu Mu'awiya ya kammala, an kuma nuna masa ƙarara cewa baƙon da ya ƙi sa hannu jirgi na jiransa. Ya sa hannu. Malamin ya shafe shekara shida a kurkuku, gonakin kuwa suka yi fari fat da gishiri kamar yadda ya faɗa.

Aiki da iyali

Ya dawo gida a 1979 ya kama aikin rediyo a Yamai. A 1982 ya auri Hansatu Idrissa, malamar makaranta, wadda suka zauna shekara arba'in. A 1988 sashen Hausa na wani gidan rediyon ƙetare ya ɗauke shi zuwa Washington, iyali suka zauna a Germantown. Nan ya shahara da sharhi a kan ƙasashen Larabawa, kuma duk sa'ad da mai sauraro ya aiko da tambayar me ya sa al'ummar da ta koya wa duniya lissafi da likitanci ta koma baya, amsarsa ɗaya ce: 'yan mulkin mallaka, da iyakokin da suka shata, da masu kwaɗayin man fetur. Hujjojinsa ba na banza ba ne, kuma yana da baki, Allah ya sani. Sai dai takardar 1978 ko Hansatu bai taɓa gaya wa ba.

Haɗuwar 1996

A bazarar 1996 ya je duba wani mara lafiya a wani asibiti a garin Clinton. Dattijon da ke miƙa tikiti a ƙofar wurin ajiye motoci ya yi masa sallama da Larabci, shi kuwa ya gane muryar kafin ya gane fuskar. Dakta Abdussalam ne, sanye da rigar masu gadi. Mu'awiya ya karɓi tikiti ya wuce. Mako uku yana zuwa yana ajiye mota a wurin ba tare da yana da wanda zai duba ba, kafin ya iya buɗe baki ya faɗi ko shi wane ne da abin da ya aikata. Dattijon ya ce an karanta masa sunayen masu sa hannun a gaban alƙali, mutum ɗari biyu da goma sha biyu, kuma a cikin shekara goma sha takwas wannan ne na farko da ya zo. Daga nan ya tambaye shi ko har yanzu yana tuna yadda ake gane gishiri a gona.

Rubutu da ƙarshen rayuwa

Tun daga ranar sharhinsa ya sauya, har wasu masu sauraro suka riƙa aiko da wasiƙun zargi cewa zaman Amurka ya saye shi. Ya soma wani littafi da Hausa wanda ya ci masa shekara ashirin. A ciki bai wanke Turawa ba, ya ba su kasonsu na laifi cif. Ya ba masu mulki nasu, da malaman da suka ga gaskiya suka kau da kai. Babi na ƙarshe kuwa ya keɓe shi ga talakan da ake miƙa wa alƙalami, ya kuma buɗe shi da sunansa da ranar da ya sa hannu.

Dattawan 'yan Nijar na yankin sun taka har gida suna roƙon ya cire babin, domin mutum mai daraja irin tasa ba ya tona wa kansa asiri ya bar wa 'ya'yansa abin gori. Hansatu ma ta yi kuka. Ya ce musu in aka cire wannan babi, sauran littafin tsegumi ne a kan wasu. An buga shi a 2017, shekarar da ya yi ritaya, babu harafin da aka taɓa. Wasu abokan shekara talatin suka daina gaishe shi a masallaci, ya kuwa ci gaba da gaishe su.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Juma'a, 11 ga Maris, 2022, yana da shekara sittin da takwas, bayan jinyar ciwon zuciya. Washegari aka sallace shi a wani masallaci a Lanham, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar Musulmi ta Maryland. Dakta Abdussalam, mai shekara casa'in, ya zo a keken marasa lafiya, ya nemi a matsar da shi bakin kabari, kuma shi ya fara zuba ƙasa da hannunsa.

Ya bar matarsa Hansatu da 'ya'ya huɗu: Asma, likita a Baltimore, Mudathir, injiniya a Yamai, Mardiya, wadda ta buga masa littafin a na'ura tun daga shafin farko har babin ƙarshe, da auta, haifaffen 1997, Abdussalam. Allah ya jiƙansa da rahama.