Baba Tsatsa da Kwalbar Auta

Shekara talatin Baba Tsatsa yana riƙe da sito a masana'antar da ke sa wa ƙarafan keke ƙyalli. Abokan aiki ne suka liƙa masa sunan, don ko ƙusa ya gani a jiƙe sai ya goge ta da bakin rigarsa yana mita. Iliminsa guda ne, ya kuma riƙe shi gam: ƙarfe da ruwa ba sa ga maciji.

To, ruwan da masana'antar ke zubarwa ne ya sulala cikin rijiyar gidansa. Ruwa ya yi rawaya, hannuwan matarsa suka cika da gyambo. Auta, 'yarsa mai karatun haɗa sinadarai, ta ce dafin kuromiyam ne. Ya ce kuro me?

Wata huɗu tana fama a ɗakin gwaji, ran nan sai ga ta da kwalba, baƙin taɓo kwance cikin ruwa. Wai ƙarfe ne da ya fi kwalli laushi, ƙwayarsa ido ba ya gani. In an zuba shi a duro na ruwan rijiya, zai kama dafin ya kwantar da shi ƙasa. Ta ce kada kowa ya buɗe. Baba ya gyaɗa kai, amma wallahi ko kalma bai gane ba. Ina aka taɓa wanke datti da datti? Abin da ya gane kawai, yarinyar nan duk bokonta ta bar ƙarfe a jiƙe.

Tana fita neman duro, ya tsiyaye ruwan, ya baza taɓon a faranti, ya kai rana. Tausayinta ya ji, har da ɗan alfahari. Kafin ka ce kwabo farantin ya ɗau zafi, baƙi ya koma ja.

Auta ta dawo ta tsaya a kan farantin. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.

"Baba, tsatsar ce aikinsa," ta ce. "A cikin ruwan rijiya ya kamata ya yi ta, da ita yake kashe dafin. Yanzu iska ta cinye shi."

Matarsa ta leƙo, hannuwa naɗe da tsumma, tana tambaya ko an gama ta sa wanki.

Kunya ta rufe Baba, ya ɗauki jarkoki biyu ya nufi famfon bakin titi. Wata huɗu ne, in ji Auta, kafin ta haɗa wani.