Waƙar Inna da Kiran Yakumbo

Baure

Ƙarfe biyar da rabi, ina idar da sallar asuba na hau motar Daura neman gyara, 'yar na'urar kiɗana a aljihu, aba kamar kalkuleta. Karambani ne ya sa na danna inda bai kamata ba, ta share komai, har da waƙar daka da marigayiya Innata ta rera. Ba inda muryarta ta rage sai nan. Allah ya so na taɓa ajiye kwafi a waya. Kwafin kuwa wata ƙara ce, ƙiii, kamar an taka wutsiyar mage. Sai an jona wayar da na'urar ta igiya an kunna mata ƙarar, daga farko har ƙarshe, kayanta su dawo. Na yi, na yi, ta ƙi.

Zango

Bakwai saura kwata na sauka wajen mai gyaran rediyo. Ya duba bakin igiyar ya ce, "Malam, zobenta ɗaya, mai biyu ake so." Ya canza min, sannan ya ce in kunna ya ji. Ƙarar na tashi, wata mai ƙosai da ke gefe ta yar da matsami.

"A'uzubillahi! Ku kai wayar nan a yi mata ruƙiyya!"

Daura

Tara daidai ina shagon abokina Habu mai haɗa kiɗa, kusa da Kusugu. Ya ƙure sautin wayar, ya jona. An kusa rabi sai ga kiran Yakumbo, yayar Inna.

"Ɗan nan, ka isa lafiya?"

Na'ura ta watsar. Muka faro daga farko, sai ga kiranta kuma.

"Ya Habun? Ya iyalinsa?"

Karo na uku cewa ta yi ta manta ba ta tambayi jikin babarsa ba. Wallahi kamar in yi kuka!

Habu ya ce duk ƙarar da ta ratso, na'urar haɗiyewa take ta shaƙe. "Sa wayar a jirgi."

"Ni da ban taɓa hawa ba?"

Ya fizge ya danna alamar jirgin da ke hana kira shigowa. Muka sake kunnawa, har ta gama.

Gida

Bayan la'asar na tarar da Yakumbo a ƙofar gida, ta cika fam. Tun hantsi wayata ba ta shiga, har ta aika tasha a tambayo ko an yi haɗari. Na ciro na'urar, na danna maɓalli. Sai ga lugude, sai ga muryar Inna.

Yakumbo ta saurara har waƙar ta ƙare.

"Ni na koya mata, amma har ta koma ga Allah ba ta iya baitin nan ba." Ta zauna a dakali, ta share ido da gefen mayafi. "Sake sa min."

Alhamdulillahi. Habu, Allah ya saka da alheri.