Turancin Gefen Gado

A layinsu Mai Sauri ake ce mata, kuma ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Ko shayi a tsaye take sha. Sana'arta wanki da guga. Takan karɓo kayan ma'aikata ta wanke, ta goge, ta mayar musu da ƙafarta, don ba ta da haƙurin jiran mai kaya ya zo. Mijinta, wanda take kira Malam, tsohon ma'aikacin gidan waya ne da ya yi ritaya, mutum mai sanyin hali, mai son rediyonsa da kujerarsa ta bakin ƙofa. Ya iya Turanci tun yana makarantar kwana, amma bai taɓa shigowa da shi gida ba. A ofis yake barinsa tare da hatimi da tawada.

Wata safiya yana ɗaura takalmi ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Da aka sallamo shi daga asibiti, hannu da ƙafar dama sun ƙi aiki, Hausar ma ta tafi. In ya buɗe baki Turanci ke fitowa guntu-guntu, in kuwa aka yi masa Hausa sai ya zuba wa mutum ido kamar mai sauraron ruwan sama. Likita ya ce akan ga haka, wani yaren ya riga wani dawowa. Mai Sauri ta ce wa ƙanwarta ashe duk shekarun nan da Bature take zaune bai gaya mata ba.

Babbar 'yarsu tana aure a wani gari mai nisa, tana aikin banki. Ta bugo waya ta ce ƙarshen wata za ta zo ta ɗauki Baba. Can gidanta kowa yana jin Turanci, za a ɗauko mai jinya, Umma ma ta taho ta huta. Mai Sauri ta san irin hutun: ɗaki a benen suruki, hannu a naɗe, wata baƙuwa tana goge wa mijinta baki. Ta ce a bar mata mijinta.

"Umma, in ya ce wani wuri na masa ciwo, ta yaya za ki gane?"

Mai Sauri ta ce dutsen gugarta ya yi zafi, ta kashe wayar.

Malamarta ta farko a Turanci ita ce matar da asibiti ke turowa ta motsa wa Malam jiki. Mai Sauri takan tsaya a kanta, kunne a miƙe. In matar ta ce "sit up" Malam ya yunƙura, in ta ce "lie down" ya koma, in ta ce "turn over" ya juya. Ba ta yi boko ba, don haka ba ta ajiye komai a takarda. A jikinta take ajiyewa. Tana guga tana ɗaga dutsen tana cewa "pick up," tana direwa tana cewa "put down," har maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga su ga da wa take faɗa. Masu kaya kuwa suka shiga uku. Ba mai karɓar rigarsa sai ya biya ta da kalma. Malamin firamare da ke kwanar layi ya ba ta sunayen gaɓoɓin jiki yana tsaye da singileti, mai kemis ya ba ta na zafi da sanyi da jiri.

Abin da ya fi ba ta haushi rowar Turawa. Ta ce kalma ɗaya suke da ita, sai su dinga sauya mata ɗan wutsiya. "Turn" ɗin nan da ake juya mara lafiya da shi, da shi ake kunna fanka, da shi ake kashe ta, da shi ake ƙara wa rediyo murya. Ta ce da a kasuwa ne da an kama su da algus.

Aiki dai ya fara tafiya. Tana sa masa riga ba kokawa, tana gane lokacin da yake son ruwa. Amma sai Malam ya fara juya mata baya. Yakan yi abin da ta ce, sannan ya mayar da fuska bango, abincin ma cokali biyu ya ture. Ta sauya miya, ta sauya matashi, ta janye gadon daga taga ta sake mayar da shi. Ƙanwarta ce ta gano bakin zaren, ranar da ta zo dubiya ta ji ta daga tsakar gida.

"Yaya, yaushe kika shiga soja? Na ɗauka fareti ake yi a ɗakin."

Mai Sauri ta tsaya da kwano a hannu. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ce wa Malam "tashi" tsirara haka ba. Sai dai ta ce ko zai ɗan daure ya tashi, ko in ba damuwa ya gyara. Turancin da ta tara kuwa duk na asibiti ne, na umarni, kuma da muryar da take kiran mai ruwa take faɗarsa. Ta koma yi masa Hausa a tausashe, ya zuba mata ido bai motsa ba. Ta koma Turanci, ya motsa ya juya bango. Haka ta yi ta kai da kawo har wata ya ƙare.

'Yar ta iso da mota da babban akwati wanda ba komai a ciki. Bayan gaisuwa ta zauna bakin ƙofa tana kallo, lokacin kuma ya yi na mayar da Malam kujera. Mai Sauri ta ji kunyar daka wa uba tsawa a gaban 'yarsa. Ta sa kafaɗarta a hammatarsa ta ce, "Malam, ko za ka ɗan riƙe ni." Bai riƙe ba. Ƙafar da ta mutu ta zame, nauyinsa duka ya taho kanta, gefen gadon ƙarfe yana jiran kansa.

"Hold on," Mai Sauri ta faɗa da dukkan muryarta. "Stand up."

Hannunsa na hagu ya damƙi wuyan rigarta, ƙafar mai lafiya ta dafe ƙasa. Suka yi tangal-tangal, suka dire a kujera suna haki. Malam ya dube ta ya yi wata doguwar magana, wadda a ciki ba ta kama ko kalma ɗaya ba. 'Yar ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa don dariya.

"Me ya ce?"

"Ya ce ko shugaban makarantarsu bai taɓa yi masa irin wannan tsawar ba. Ya ce kuma ba inda za shi."

Mai Sauri ba ta yarda da fassarar ba sai da ta sa aka maimaita. 'Yar ta ce za ta bar shi zuwa wata mai zuwa ta gani, da sharaɗin a sa ƙarfen dafawa a bango. Uwar ba ta ma tsaya jin ƙarshen sharaɗin ba. Ta ja ta zuwa kicin, ta tura ƙofa, ta ce kafin ta cire takalmi ta koya mata yadda ake roƙon mutum da yaren nan, in dai suna da shi.